Kun Karɓi Kuɗin Ƙofa, Ina Filin?

Da kakar bara, bayan an kai dammunan gero rumbu, na je kallon kokawa a wani gari na kudancin Damagaram. An kewaye fili da zana da tsofaffin buhuna, an bar ƙofa guda, an kafa tebur a bakinta. Mutum biyu ne a zaune, ɗaya riƙe da damin tikiti mai hatimin ma'aikatar magajin gari, ɗaya rungume da jakar leda. Kuɗin shiga dala 20, wato sefa 100, babba da yaro kuɗinsu ɗaya. Na miƙa nawa. Mai tikiti ya ɗaga takardar ya nuna mini, ya yi mini nuni da haɓa in wuce, bai yage ta ba, bai kuma ba ni ba.

Na ce, "Malam, tikitina fa?"

Ya ce, "Haba Alhaji, ai ka riga ka shiga. Me za ka yi da takarda?"

Na ja gefe na tsaya. Da wannan takarda guda ya shigar da mutum bakwai a kan idona.

Bayan zana kuwa yara ne cunkus, kowanne ya huda ta da yatsa ya manna ido, wani ƙato yana zagayawa da tsumagiya yana tsula musu a gadon baya. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba, da farantin rake a ka, ya sulalo ya kama gefen rigata ya ce, "Baba, don Allah ka ce ni ɗanka ne." Na biya masa ya shiga. Sauran, da sun fi arba'in, a bayan zana suka ƙare yininsu, suna jin kiɗa da ihu, suna tambayar juna wa ya kayar da wa.

Cikin filin kuma me muka tarar? Yashin da 'yan kokawa ke faɗuwa a kai, samarin gari ne suka kwaso shi a amalanke, da gayya. Rumfa guda ce, ta manyan baƙi. Babu randar ruwa, babu makewayi, dattijo in ya matsu sai ya zaga bayan gona. Haka na bar filin nan shekara biyar da suka wuce, haka na same shi. Abin da ya sauya kawai shi ne kuɗin ƙofa, da ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20.

Da ku nake, masu riƙe da ƙananan hukumomi 11 na gundumomin Magarya da Dungas, tun daga Bande da Waca da Yekuwa har Dogo-Dogo da Malawa, da magatakardanku da ma'ajinku da masu yankar muku tikiti. Wanda hannunsa ke da tsabta a cikinku ya san kansa. Amma ɗabi'ar da nake magana a kanta ta game ƙasar nan, kuma kun san da ita: a yanka kuɗin shiga filin wasa da ka, a karɓe shi ba takarda, a kashe shi inda ba a tara shi ba, sannan a sa bulala tsakanin yaro da wasa. Wannan abin kunya ne, kuma zalunci ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kun ci lada shekara da shekaru, askin ne ba mu gani ba.

Kada a ce ina ƙin a biya. Fili yana cin kuɗi. Raga tana yagewa, gara tana cin turakun gola, katanga tana zubewa da damina, mai gadi yana da iyali. Na kuma san halin da asusunku ke ciki. Lanho, wato haraji, ba ya shigowa yadda aka rubuta shi a takarda. Kasuwanninmu da Najeriya suke numfashi, daga mashigar Tinkim zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, kuma rufe iyaka na watan Agustan 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun taɓa aljihun kowa, har da na meri, wato ma'aikatar magajin gari. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin makarantu da lafiya da ruwan sha da muhalli, nauyin ya riga kuɗin isowa. Duk na yarda. Sai dai talaucin meri dalili ne na a ƙidaya kowace dala sau biyu. Mai ƙaramin rumbu shi ya fi kowa sanin yawan dammunansa.

Dokar ma ba ta bar abin sakaka ba. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yulin 2004, aka kuma tattara dokokinsu wuri guda a 2010, tsarin a fili yake: majalisar ƙaramar hukuma ce ke zama ta amince da kasafin kuɗi da abin da za a karɓa daga jama'a, farfe, wato shugaban gunduma, ya duba ko an bi doka, kuɗin hukuma kuwa ma'aji ne, ko wanda aka naɗa a rubuce, ke da hurumin taɓa shi. A watan Afrilun 2024 gwamnatin Janar Abdurrahman Tiani ta rusa majalisun, ta naɗa wakilai masu riƙo. Da can laifi yana rarrabuwa a kan kansiloli da yawa, kowa ya ce ba shi ba ne. Yau ya taru a kan mutum guda a kowace ƙaramar hukuma. Ranka ya daɗe, in an tambaye ka wa ya ce dala 20, da wane lissafi, a wace takarda, amsar tana wuyanka kai kaɗai.

Ga inda kuɗin ke nutsewa ko da ba a sace shi ba. Tsarin kuɗin hukuma da muka gada daga Faransa ya ce asusu ɗaya ne: abin da aka samu a kasuwa da tasha da mahauta da ƙofar filin wasa duk tukunya guda suke shiga, daga nan a raba bisa kasafi. Wannan tsari yana da hikimarsa, yana hana kowane ma'aikaci ya buɗe nasa ɗan asusu. Amma a ƙaramar hukumar da ake bin ta bashin albashi, abin da ya faɗa tukunyar nan albashi da man mota ne ke lashe shi kafin a tuna da turakun gola. Maganin yana hannunku, kuma bai saɓa wa doka ba: a buɗe layi a kasafi da sunan gyaran filin wasa da gidan matasa, a sa masa adadin da bai gaza abin da ƙofa ta kawo bara ba, a kuma kashe shi a kan abin da aka rubuta. Rashin wannan layi zaɓi ne, kuma ku kuka zaɓa.

Mu yi lissafin da kuka ƙi yi a bainar jama'a. A ce mutum 2,000 sun shiga kokawa a yini guda a kan dala 20. Jikka 200 ke nan. Kwana uku, jikka 600. A cire kyautar 'yan kokawa, a sallami makaɗa da masu gadi. Ragowar fa? Ko kashi ɗaya cikin uku aka riƙa mayar wa filin kowace kaka, da yanzu akwai makewayi na maza da na mata, akwai randuna, akwai inuwa. In kuma kun ce mutanen ba su kai haka ba, to ku kawo gindin tikitin mu ƙirga. Wanda ya shigar da mutum bakwai da takarda guda ba shi da gindin tikitin da zai nuna, shi ya sa lissafin ba ya taɓa fitowa.

Abin da ya faru a gidan namun daji na Kano a watan Yunin 2019 ya isa ishara. Naira miliyan 6.8, kuɗin ƙofa na shagalin ƙaramar Sallah, suka ɓace daga ofis. Labari ya bazu duniya cewa goggon biri ne ya haɗiye su, har gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu goggon biri a gidan, ya ba da umarnin bincike. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyayen da suka tara kuɗin nan naira-naira don 'ya'yansu su ga zaki ranar Sallah. Tsabar kuɗi da ke kwana a jaka ko a aljihun tebur, kowace irin ƙaddara tana iya faɗa masa, kuma a ƙarshe ba a rasa labarin da za a ba jama'a. Jakar ledar da na gani a bakin zana ƙanwar wannan ce.

Yanke kuɗin shiga sana'a ce mai ƙa'ida, kuma farkonta tambaya ce: wa ke amfana? A biranen Amurka, ma'aikatun da ke kula da wuraren shaƙatawa sukan jera hidimominsu hawa-hawa. Abin da amfaninsa na gari ne baki ɗaya, kamar filin da yara ke guje-guje da inuwar da tsofaffi ke zama, haraji ne ke ɗaukar nauyinsa, ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Abin da amfaninsa ya fi karkata ga mutum guda ko ƙungiya guda, kamar hayar zaure don biki, mai shi ne ke biyan kuɗinsa cif, wani lokaci har da riba. Babban lambun tsakiyar birnin New York, da aka buɗe tun 1858, har gobe ba a biyan kuɗin shigarsa, amma mai sayar da abinci a cikinsa yana biyan hukuma kuɗi mai tsoka. Ba sai mun haye teku ba ma kafin mu gane wannan. Kowace mace da ke ɗiban ruwa a famfon unguwa ta san dalilin da ya sa take biyan kuɗin jarka: ranar da famfo ya lalace, daga asusun nan ake kiran mai gyara. Ta kuma san ba a hana mai wucewa kurɓa. Garin da kwamitin ruwa ke karanta lissafi a gaban jama'a, famfonsa yana aiki. Garin da ba a karantawa, mata sun koma rijiya.

Mu kuwa mun kifar da abin. Yaron da ya zo kallo shi ke biya, ko ya sha tsumagiya. Attajirin da ya kafa rumfuna a filin ƙwallo kwana uku don bikin 'yarsa, ya haƙa ramuka, ya bar leda da toka da fasassun kwalabe, da gaisuwa ya samu filin. A zamanin kamfe 'yan siyasa sun cika filayen nan da motoci sun tafi, ba wanda ya bi su da takardar biya. Samarin unguwa kuwa, in suka shirya gasar ƙwallo ta babban hutu, su ne za su yi karo-karo su sayi balo, su share tsidau da ƙarangiya, su zuba toka a layi, sannan a aiko musu cewa sai sun biya kuɗin izini. An ɗora kaya a kan wanda ba shi da wuya, an bar mai wuya yana tafiya hannu sake.

Kuma kun san su wa kuke kora. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da rabin miliyan a gundumar Magarya, da fiye da dubu 350 a ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ke nan mafi yawan masu buƙatar filin nan ba su da aljihu. Dala 20 ba komai ba ce a wurin mai albashi. A wurin yaron da uwarsa ta ɗora masa talla ta ƙirga sandunan rake, in ya taɓa dala 20 ya taɓa cefanen gida. Nijar ta amince tun 1990 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 31 ya ce hutu da wasa haƙƙin yaro ne. Kakanninmu ba su jira wannan takarda ba. Kowane gari yana da dandali, kuma ba a taɓa kafa tebur a bakin dandali ba. Can ake langa, can 'yan mata ke gaɗa da farin wata, can ɗan kokawa ke fara koyon kamu kafin a san sunansa.

'Yan matan nan ma, wa ya tuna da su? Duk maganar filin wasa a garuruwanmu maganar maza ce. Dandali ya matse, gidaje sun cinye shi, ba a kuma ware musu wani wuri mai katanga da mai gadi da iyaye za su yarda su je ba. Kuɗin ƙofar da iyayensu maza ke biya a kokawa bai taɓa dawo musu da ko igiyar tsalle ba.

Wani zai ce to a mayar da komai kyauta a huta. Wannan ma gudun lissafi ne, kuma mun ga ƙarshensa a asibiti. Bayan shirin Bamako na 1987 aka shigo da biyan kuɗin magani a ƙasashenmu, talaka ya riƙa ajiye ɗansa a gida har ciwo ya ci ƙarfinsa. A 2006 Nijar ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta za a duba su. Iyaye suka yi tururuwa, rayuka suka tsira. Amma kuɗin da gwamnati ta yi alkawarin mayar wa asibitoci ya riƙa makara, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje. Kyautar da ba a ce ga wanda zai biya ta ba, a kan talaka take ƙarewa. Don haka in kun buɗe wa yara ƙofa, wajibi ne ku rubuta daga ina kuɗin share fili zai fito: daga hayar masu biki, daga rumfunan masu tsire da masu shayi ranar wasa, daga tikitin manya, daga kujerun inuwa da ya kamata mai son su ya biya ninki biyar.

Akwai kuma wanda ya fi kuɗin ƙofa muni, shi ne sayar da ƙofar da filin gaba ɗaya. Duk lokacin da aka yanka sabuwar unguwa, taswira takan nuna wuraren da aka keɓe don makaranta da kasuwa da filin wasa. Shekara kaɗan sai ka ga an kafa dutse a kusurwar filin, an zuba bulo, an ce ai an ba wane. Sayar da filaye ya zama saniyar tatsar ƙananan hukumomi a ƙasar nan. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa Yamai ɗamara, rabon filayen gini ya ci babban yanki nasa, a babban birni ke nan, a gaban idon kowa. Ƙasarmu ta Magarya da Dungas tana cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, gona ma ta yi wuya balle fili. Wanda aka sayar yau ba za a sake samun madadinsa a tsakiyar gari ba har abada. Kuɗinsa kuwa kafin shekara ta zagayo an cinye.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mutanen gari muna da namu kason. Mu ne muke zuwa ƙofa da babbar riga mu ce, "Ba ka san ni ba?" mu wuce da mutum biyar a bayanmu. Mu ne muke karɓar rangwame daga mai tikiti, mu ba shi dala 10 a hannu mu shige ba takarda, muna murna mun yi wayo, alhali makewayin da za mu nema an jima muka sayar. Mu ne muke kwance turakun gola mu kai gida mu yi rumfa. Kuma ni da na tsaya ina ƙirga mutum bakwai a ranar nan, ban ɗaga murya ba, ban nemi shugaban wurin ba, na biya wa yaro guda na shiga na zauna. Shirun irina ne ya ciyar da wannan ɗabi'a har ta girma.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun taɓa iyawa. Zamanin Janar Seyni Kunce, bayan 1974, da aka farfaɗo da samariya, samari da gayya suka gina ajujuwa da gidajen samariya a garuruwa da ƙauyuka, sarkin samari yana gaba. Mulkin soja ne, yana da nasa tilas, ban manta ba. Amma a zamanin nan ne aka fara gasar kokawa ta takobin ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma daga irin filayen ƙauyen nan da muke wulaƙantawa aka samu gwanayen da har aka sa wa filin kokawar Damagaram sunan ɗayansu, Langa-Langa. A gonakinmu ma ga shaida tsaye. Gawon da ya rufe ƙasar Magarya da Matamai da Mirya, wanda masana daga ƙasashen waje ke zuwa kallo, manoma ne suka raine shi da hannunsu tun daga shekarun 1980, sa'ad da suka tabbata itacen da suka bari a gonarsu su za su ci amfaninsa. Mutumin ƙasar nan yana tsare abin da ya san nasa ne. Ku ba samarin unguwa da 'yan kokawa da ƙungiyoyin mata kujera a kwamitin filin, mabuɗi ɗaya a hannunsu ɗaya a hannun meri, ku ga ko turken gola zai sake ɓata.

In kuma kun ga kamar wasa abin wasa ne, ku je Damagaram ku tambaya. An yi bikin Zinder Sabuwa a watan Disamban 2018, an yi gine-gine, birni ya yi kyau. Amma fim ɗin da Aisha Macky ta fitar a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara ya nuna wa duniya abin da ke faruwa da ƙarfin saurayi in gari bai tanadar masa wurin zuba shi ba: ƙungiyoyin da ake kira pale, ɗaga ƙarfe a lungu, fasa-ƙwaurin mai, faɗa da kurkuku. Mu da ke bakin iyaka, hanyar fasa-ƙwauri da ƙwaya ta fi kusa da yaranmu fiye da yaran birni. Yaron da kuka kora daga bakin zana da tsumagiya yana da inda za a karɓe shi hannu biyu, ba a kuma tambayarsa dala 20 a ranar farko.

Ga abin da nake nema kafin a sake buga gangar kokawa, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar tallafin wata ƙasa. A kafa allo a ƙofar kowane fili da kowane gidan matasa, a rubuta da Hausa, da boko da ajami, nawa ne kuɗin shiga, nawa ne hayar yini, wace takarda ce ta yanke shi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya shiga kyauta ta ƙofarsa, a ajiye tsumagiya. Tikiti ya zama mai lamba, a yage shi a gaban mai biya, kuɗin ya kwana a hannun ma'aji da rasit a daren da aka tara shi. Bayan kowane wasa a karanta a rediyon gari abin da ya shigo da abin da ya fita. Filayen da taswira ta keɓe kuma a auna su, a kafa musu duwatsu, a dasa musu itatuwa a kewaye tun kafin wani ya zuba bulo.

Kaka tana tafe, kuma zan koma filin nan. Zan tsaya a bakin tebur har sai an yage tikitina an ba ni rabina, ko da layi zai kai bakin kasuwa. Daga nan zan wuce meri da takardar a hannu, in nemi a nuna mini layin da kuɗina ya shiga a kasafi.